Ana bikin fim a garinmu, mu kuma muna faɗa a sashen kwament



Kafin mu yi nisa, ɗan'uwa, ɗauki wayarka ka duba inda datarka ta wannan makon ta tafi. Ke ma 'yar'uwa duba taki. Na tabbata kaso mai tsoka ya tafi ne wajen kallo: ko dai Labarina, ko Izzar So, ko fassarar Indiya, ko fim ɗin Koriya da na Turkiyya, ko kuma 'yan guntayen bidiyon da ake yankowa ana zubawa a TikTok. Wanda ya ce matashin Kaduna ba ya son fim bai san mu ba. Muna son fim har muna ɓata da juna a kansa. Jarumi ya saka hoto mu kwana muna gardama, jaruma ta yi aure ko aurenta ya mutu mu raba gari biyu a Facebook.

To ga tambayata. A cikinmu nawa ne suka taɓa taka ƙafa zuwa bikin baje kolin fina-finai, alhali ana yin sa a cikin garin nan?

Na jefa wannan tambayar a majalisarmu wani dare. Wani ya ce shi bai ma san ana yi ba. Wani ya ce ai wannan harkar 'yan gayu ce masu Turanci. Wani kuma ya yi dariya ya ce, "Malam, fim ɗin da zan kalla a kwance a ɗakina, me zai sa in biya kuɗin Keke in je in zauna da mutanen da ban sani ba?" Wannan amsar ta ƙarshe ita ta tsaya min a rai, domin ita ce amsar yawancinmu, kuma ita nake so mu tattauna yau.

Tun shekarar 2018 ake gudanar da Bikin Baje Kolin Fina-finai na Ƙasa da Ƙasa na Kaduna, wanda aka fi sani da KADIFF. Israel Kashim Audu ne ya assasa shi, kuma galibi a watan Agusta yake kamawa. Ana nuna fina-finai na gida da na waje, ana shirya bita ga masu son koyon sana'ar, a ƙarshe a raba lambobin yabo. A Kano akwai KILAF da Alhaji Abdulkareem Mohammed na kamfanin Moving Image ya kafa domin fina-finan da aka yi da harsunan Afirka. A Abuja, wadda jirgin ƙasa daga Rigasa ke kai ka cikin 'yan sa'o'i, akwai bikin Zuma na Hukumar Fina-finai ta Najeriya, hukumar da Ali Nuhu ya zama shugabanta a watan Janairun 2024. Ke nan ba sai ka nemi biza ba kafin ka halarci irin wannan taro.

Matsayin wannan fili a bayyane yake: ya kamata mu riƙa zuwa, kuma rashin zuwanmu yana jawo mana asarar da ba mu lura da ita ba. Bari in kawo dalilaina, sannan in saurari naka.

Da farko mu fahimci mene ne bikin fim, domin da yawa sun ɗauka daren raba kyauta ne kawai, jarumai su sha ado su taka jar darduma a ɗauki hoto. Wannan yanki ne ƙarami, shi ne dai kyamara ta fi haskawa. Ainihin aikin yana farawa watanni kafin ranar. Masu shirya biki suna fitar da sanarwar neman fina-finai, masu fim daga ko'ina su tura nasu, yawanci ta shafin FilmFreeway. Wani kwamiti ya zauna ya kalla ya tace, ya zaɓi waɗanda za a nuna. Sannan a naɗa alƙalai su tantance waɗanda suka fi. A ranakun bikin ana nuna dogon fim da gajere, da fim ɗin gaskiya wanda ake bin rayuwar mutane ba tare da wasan kwaikwayo ba, da na zane mai motsi. Bayan an kunna fitila, sau da yawa daraktan ko wani daga cikin ma'aikatan fim ɗin yana nan a zaune, sai ya miƙe a yi masa tambayoyi. A gefe kuma ana ciniki: mai labari yana neman mai kuɗi, mai fim yana neman mai rarrabawa, ɗalibi yana neman wanda zai ɗauke shi aiki. Haka ake yi a Benis ta Italiya tun 1932, da Kan ta Faransa tun 1946, da Balin ta Jamus tun 1951. Girma ne ya bambanta, tsarin ɗaya ne.

Dalilina na farko shi ne wayar nan da muke taƙama da ita ba ta nuna mana duniya kamar yadda muke zato. Manhajojin nan an gina su ne su riƙe ka, don haka abin da ka kalla jiya, irinsa za su kawo maka yau. Ka kalli faɗan kishiyoyi sau uku, shi ke nan, ka shiga layin faɗan kishiyoyi har sai ka gaji. Kai kana ganin kai ke zaɓe, alhali an daɗe da yi maka zaɓin. A bikin fim kuwa mutum ne ya zauna ya ce wannan fim ɗin ya cancanci a gani, ko da babu jarumin da ka sani a ciki, ko da daga wata ƙasa ya fito wadda ba ka iya nuna ta a taswira. Za ka iya cin karo da fim na minti 12 da babu waƙa babu rawa, amma ka fito kana ta juya shi a ranka har ka isa gida. Irin wannan fim ɗin ba zai taɓa zuwa wayarka da kansa ba, domin ba shi da mabiya miliyan.

Ni kaina sai da na zauna a ɗakin kallo cikin baƙin fuska na gane bambancin. A ɗakina ina kallo ina amsa saƙo, in an zo wurin da ya yi min sanyi in tura gaba. A can kuwa babu turawa gaba. Dole na haƙura da shirun da daraktan ya saka, sai na gano ashe shirun ma magana ce. Kuma na ji inda mutane suka yi dariya tare, da inda ɗakin ya yi tsit. Duk mai son ya yi fim wata rana, wannan darasi ne da yawan masu danna alamar so ba zai koya masa ba. Gani ya kori ji.

Dalili na biyu ya shafi harshenmu, kuma nan ne nake so mai cewa harkar 'yan Turanci ce ya tsaya ya saurara. A watan Nuwamban 2019 hukumar da ke ba da kyautar Oscar a Amurka ta cire fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin fina-finan ƙasashen waje. Fim ne da Sani Mu'azu da Yakubu Mohammed suka fito a ciki. Laifinsa ɗaya: Turanci ya yi yawa. Dokar rukunin ta ce dole mafi yawan maganar fim ta kasance da wani harshe ba Turanci ba. Shekarar da ta biyo baya, 2020, Najeriya ta tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba kuma Hausa ta mamaye shi. A fim ɗin ne Maryam Booth ta ci kyautar AMAA ta jaruma mai tallafawa. A 2024 kuma aka tura Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango na cikin jarumansa. Gaskiya ne babu wanda ya kai zagayen ƙarshe a cikinsu. Amma ka lura da abin da ya faru: sau biyu cikin shekara biyar, da ƙasar nan ta tashi nuna kanta ga duniya, Hausa ta ɗauka. Harshen da wasunmu ke jin kunyar yi a gaban baƙi, shi ne jarin da ake nema a can.

Kuma wannan ba yau aka fara ba. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim, da Hausa. Fim ɗin ya ɓace wa mutane shekara da shekaru, har sai da aka gano shi a rumbun ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin Balin na 2018. Ka tsaya ka yi tunani. Turawa sun sayi tikiti sun zauna sun kalli Shaihu Umar suna karanta fassara a ƙasan allo. Mu da ba ma buƙatar fassarar, nawa ne a cikinmu suka gan shi? Nawa ne ma suka san akwai shi?

Maƙwabtanmu na Nijar su ma sun riga mu a wannan fage. A birnin Wagadugu na Burkina Faso ake yin FESPACO, babban bikin fina-finan Afirka da aka fara a 1969, ana yin sa duk bayan shekara biyu. Da aka fara ba da babbar kyautarsa a 1972, ɗan Nijar ne ya ɗauka, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou Polygame. Sai a 2007 ɗan Najeriya, Newton Aduaka, ya ci wannan kyautar da fim ɗin Ezra. A Wagadugu bikin na mutanen gari ne, talakawa ke yin layi a ƙofar silima. Abin da ya ba shi nauyi a duniya ke nan, domin biki ba ya girma da baƙi kaɗai.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na ɗalibin aikin jarida. Labarin Arewa ana ba da shi kullum, ko muna wurin ko ba ma nan. Idan aka ce Kaduna a wajen ƙasar nan, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne rikici, satar mutane, harin jirgin ƙasa na Maris 2022. Waɗannan abubuwa sun faru, babu mai musu, wasunmu ma sun rasa 'yan'uwa a ciki. Amma wa zai ba da labarin mai shayin Kawo da ke buɗewa tun asuba? Wa zai ba da na matan da ke sana'ar gwanjo a Kasuwar Barci, ko na yaron Unguwar Dosa da ke gyaran waya yana biya wa kansa kuɗin makaranta? Idan wani ya zo daga nesa ya yi fim a kanmu ya kuskure, mukan yi ta zagi a intanet. Zagin ba ya isa kunnensa. A ɗakin biki kuwa yana tsaye a gabanka, makirufo na yawo, kana iya ɗaga hannu cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, ba haka muke ɗaura aure ba," ko "Wannan Hausar da aka yi ba ta garin da ka ce ba ce." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana wurin lokacin da ake maganar rufin.

Akwai kuma abin da ya shafi garin nan shi kaɗai. Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san kogin nan ba ruwa kawai yake rabawa ba. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 mutane suka yi ta ƙaura, har ya zama akwai matashin da aka haifa a Tudun Wada ko Rigasa da bai da aboki ko ɗaya a Sabon Tasha ko Narayi, haka ma ta can ɓangaren. Yawancinmu muna jarirai ko ba a ma haife mu ba lokacin da abin ya faru, amma mu muka gaji rabuwar. Wuraren da muke haɗuwa ba su da yawa: makaranta, kasuwa, filin ƙwallo, sai ofis ga wanda ya samu aiki. Ɗakin kallon fim yana cikin 'yan wuraren da za ka zauna kusa da wanda ba addininku ɗaya ba, ku yi dariya a wuri guda, ku fito kuna gardamar ko ƙarshen labarin ya yi daidai. Ba na cewa fim zai warkar da abin da ya faru. Ina cewa duk wata kujera da za ta zaunar da mu kusa da juna bai kamata mu bar ta babu kowa ba.

Kada kuma wani ya ce maka fim baƙon abu ne a Kaduna. Kakanninmu sun kalli majigi a fili tun zamanin Turawa. A garin nan aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962. Daga nan marigayi Usman Baba Pategi ya yi Samanja, marigayi Kasimu Yero ya yi Karambana, iyayenmu har yau suna ba da labarinsu suna dariya. A nan Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999, shekarar da sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa a Kano. Rahama Sadau 'yar garin nan ce. Sannan ga yaran nan na The Critics Company, matasan Kaduna da suka riƙa haɗa fina-finan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, suna koyon aikin daga YouTube. A 2019 labarinsu ya zagaya duniya, daga baya fitaccen daraktan Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Wayar hannunka wataƙila ta fi wadda suka fara da ita.

Yanzu bari mu zo kan uzurorin, domin wasunsu suna da nauyi, ba zan yi kamar ban gan su ba.

Na farko shi ne na tarbiyya da addini. Da yawa daga cikinmu mun tashi a gidajen da kalmar silima ba ta da kyakkyawan suna, kuma iyayenmu suna da dalilinsu, sun san irin abin da ya riƙa faruwa a kewayen tsofaffin gidajen silima da daddare. Mun kuma ga yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce a 2016 kan ƙauyen fim da Gwamnatin Tarayya ta so ginawa a Kofa ta Jihar Kano, har aka fasa. Wannan damuwa ce ta gaskiya kuma ba a amsa ta da raini. Abin da zan ce shi ne, bikin fim yana da jadawali, ana faɗin sunan fim da abin da ya ƙunsa da lokacin nuna shi. Kana da damar zaɓe. Ka je da rana, ka halarci bita, ka kalli abin da ya dace da kai, lokacin salla ka tashi ka yi sallarka, in an saka abin da bai kwanta maka ba ka fita, babu mai riƙe ka. 'Yar'uwa, ki nemi izini a gida, ki nuna musu jadawalin, ki tafi da yayanki ko ƙawayenki. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: abin da ke shigowa wayoyinmu da tsakar dare ba tare da kowa ya tace ba ya fi abin da ake nunawa a gaban jama'a da rana tsaka haɗari nesa ba kusa ba. In kuma masu kishin tarbiyya suka ƙaurace wa wurin gaba ɗaya, to sun bar wa wasu su yanke hukuncin irin fim ɗin da za a yaba.

Na biyu shi ne kuɗi. Wallahi na sani, ni ma ɗalibi ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi, daga Kawo zuwa cikin gari ma sai ka yi tunani. Amma ka haɗa abin da kake kashewa a data cikin mako guda, ka ware na kwana biyu. Ba dole sai ka halarci dukkan ranakun ba. Rana ɗaya ta isa ta fara. Ku haɗa kai ku huɗu ku ɗauki Keke ɗaya. Ka bibiyi shafukan masu shirya bikin tun da wuri ka ga wane zama ne na kyauta, wane ne na tikiti, kuma ko suna neman masu aikin sa-kai, domin bukukuwa da yawa da su suke tafiya, kuma mai aikin sa-kai ya fi kowa ganin yadda ake juya abin daga ciki.

Na uku shi ne tsaro, musamman dawowa gida da dare. Wannan babu wasa a ciki. Ka zaɓi zaman rana, ka sanar da gida inda kake, kada ka tafi kai kaɗai in za a kai dare.

Na huɗu shi ne wanda ba a cika faɗa da baki ba: jin cewa wurin ba namu ba ne. Kar in je a yi min kallon baƙauye, kar in yi tambaya Turancina ya karye a yi dariya. Na san wannan jin, na taɓa tsayawa a ƙofar taro ina tunanin ko in juya. To ka sani, da yawa daga cikin waɗanda ke ciki su ma haka suka fara. In Turancin ya ƙi, yi tambayarka da Hausa, a Kaduna kake, ba za a rasa mai fassarawa ba. Mutumin da ya kwashe wata shida yana wahala a kan fim ɗinsa, babu abin da yake so kamar ya ji wani ya kalla da hankali har ya samu abin tambaya.

Sai dai ba zan ɗora wa matasa nauyin duka ba. Masu shirya irin waɗannan bukukuwa a ko'ina cikin Arewa su ma akwai aiki a gabansu. In ana son mu zo, a yi mana magana da harshen da muke ji, a inda muke. A fitar da sanarwa da Hausa a gidajen rediyo da TikTok da WhatsApp, kuma a fitar da jadawali da wuri. A saka fassarar Hausa a ƙasan allo ga wasu daga cikin fina-finan waje. Masu fassarar Indiya sun riga sun nuna cewa Bahaushe zai kalli labarin kowace ƙasa in dai an kawo masa shi da harshensa. A fitar da wani ɓangare na bikin daga manyan ɗakunan taro a kai shi unguwanni, a kafa allo a filin makaranta a Badarawa ko Unguwar Sanusi ko Kakuri, yadda majigi ya riƙa yi. A ware rangwame ga mai katin ɗalibi. A haɗa kai da sassan koyon aikin jarida da na wasan kwaikwayo na KASU da Kadpoly da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗalibai su zo da gajerun fina-finansu. Gwamnati da 'yan kasuwar garin nan kuma su daina kallon abin a matsayin shagali. Baƙon da ya zo biki zai kwana a otal, ya hau mota, ya ci abinci, ya sayi tsaraba, kuma ya koma da labarin Kaduna da ba na tashin hankali ba.

'Yan Kannywood su ma ina da magana da su, cikin girmamawa. Fim mai dogon zango a YouTube yana kawo kuɗi, kuma babu laifi a neman halak. Amma fim ɗin da ake ɗauka yau a saki jibi ba zai iya tsayawa a gaban alƙalan biki ba. Can ana duba sauti, ana duba haske, ana duba ko labarin ya ɗaure daga farko har ƙarshe, ana duba fassarar Turancin da ke ƙasan allo, wadda sau da yawa ita ke kunyata mu. A 2023 fim ɗin Mami Wata na C.J. Obasi ya ci kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance na Amurka. A 2025 My Father's Shadow na Akinola Davies Jr. ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga jerin zaɓaɓɓun fina-finan bikin Kan. Waɗannan 'yan ƙasar nan ne, matsalar wuta da tsadar kaya ɗaya muke sha da su. Babu abin da ya hana na gaba ya fito daga Malali ko Hayin Banki, in an yi aikin da haƙuri.

To idan ka yanke shawarar zuwa bana ko baɗi, ga 'yar shawara. Ka duba jadawali ka zaɓi aƙalla fim ɗaya daga ƙasar da ba ka taɓa kallon fim ɗinta ba. Kada ka raina zaman gajerun fina-finai, nan ne sababbin hannu suke, kuma nan ne za ka ga abin da kai ma za ka iya. Ka tafi da ɗan littafi da biro. Ka sa wayarka a shiru, kuma don Allah kada ka ɗauki fim ɗin mutane da waya ka watsa. Satar fasaha tana cikin abubuwan da suka karya kasuwar faifan Kannywood, kada mu kai ta inda aka zo nuna sabon aiki. In an buɗe fagen tambaya, ka yi tambaya ɗaya gajera, ba wa'azi ba. Ka gaisa da mutum biyu da ba ka sani ba, ka karɓi lambar wanda aikinsa ya burge ka. Hoto da jarumi ba laifi ba ne, amma mai ɗaukar hoto da mai tace fim da marubuci su ne za su koya maka abin da zai amfane ka, kuma su ba a cika yi musu layi ba.

In ka dawo gida, sai ka yi abin da muka fi iyawa: ka hau intanet ka rubuta. Amma wannan karon ka rubuta abin da ka gani da idonka. Ka faɗi sunan fim ɗin da na daraktan, ka faɗi abin da ya yi kyau da inda aka gaza, da dalilinka. Masana'antar fim ɗin Hausa tana da 'yan kallo miliyoyi, tana da masoya masu kare jarumi ko ya yi daidai ko bai yi ba, tana da masu zagi. Masu sharhi na adalci ne suka yi mata ƙaranci, kuma wannan gurbi ne da kai da ke za ku iya cikewa ba tare da jarin ko sisi ba.

Abokin nan nawa da ya ce gara ya kalla a kwance a ɗakinsa, na ce masa in lokaci ya yi ni zan biya masa kuɗin Keke, shi kuma ya sayi ruwa. Ya ce ya ji, amma in fim ɗin bai yi daɗi ba sai na biya shi lokacinsa. Na amince. Kai ma nemi naka abokin ku yi irin wannan yarjejeniyar, zuwa da kai ya fi saƙo.

Wanda ya taɓa halartar KADIFF ko KILAF ko Zuma, ya rubuto mana abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, za mu buga a wannan fili in Allah Ya so. Allah Ya zaunar mana da garinmu lafiya, Ya sa mu ga Agusta da rai da lafiya. Sai mako mai zuwa.